Amsa daga Zangon Kumasi: yadda muke biya wa yaranmu darasin aisoma

Assalamu alaikum, ɗana Malam. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran dangi na Fagge. Ranar da na zo Kano ɗaurin auren ƙanwarka, muna zaune a zaure bayan la'asar, ka kawo mini kukan cewa ɗalibanka masu shirin jarrabawar WAEC sun haddace ma'anar aisoma, wato sinadarai daban daban masu lissafin ƙwayoyin zarra iri ɗaya, kamar karatun allo, amma da zarar ka ce su zana maka dukkan sinadaran da ke da lissafin C5H12, wato kabon biyar da haidurojin goma sha biyu, sai wani ya kawo shida, wani bakwai, alhali uku ne. Ka kuma tambaye ni yadda mu Hausawan Kumasi muke yi da namu yaran, tunda hukumar jarrabawa ɗaya ce ke gwada ɗaliban Gana da na Nijeriya. Hayaniyar biki ba ta bar ni na amsa maka a lokacin ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Sai ka fara sanin halin da yaron Zango yake ciki. A gida da kan layi Hausa yake yi, irin tamu da kuke yi mana dariya a kanta saboda muna ce wa mace "ya zo". A kasuwar Kejetiya yana ciniki da yaren Asante. A aji kuwa Turanci ne zalla, kuma mafi yawan malaman kimiyya ba sa jin Hausa. Saboda haka tun muna yara al'adarmu a Aboabo da Asawase ita ce, bayan sallar Isha'i, waɗanda suka gama sakandare ko suke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah su tara ƙannensu a ɗakin makarantar Islamiyya wanda babu kowa a cikinsa da dare, su sake yi musu darasin rana da Hausa. 'Yan mata kuma yayyensu mata ne ke zama da su a cikin gida. Ba a biyan kowa, iyaka wata uwa ta aiko da koko da ƙosai. Daga makarantar allo muka ɗauko tsarin, inda babban almajiri yake biya wa ƙarami, kuma har yau "biyawa" muke ce masa. Na yi shekaru ina koyar da ilmin sinadarai a makarantar gwamnati, amma abin da zan gaya maka a wannan zaman na dare na koye shi.

Ba ma fara wa yaro da ma'ana. Haruffa huɗu muke rubuta masa a allo, wato a, g, i da r, mu ce ya haɗa kalma da su. Wani zai ce gari, wani riga, wani ragi, mai wayo ya ce gira. Haruffan ba su ƙaru ba kuma ba su ragu ba, jerinsu kawai ya sauya, ga shi kuwa ba mai sa gari a jiki ko ya nemi gira a wurin ɗan kasuwa. Daga nan sai mu ce masa haka ƙwayoyin zarra suke: sinadarai biyu suna iya zama da adadin kabon da haidurojin da oksijin iri ɗaya, amma wanda ke riƙe da wani ya bambanta, kuma wannan bambancin riƙon shi ke mayar da su abubuwa biyu masu hali daban. Su ne aisoma na tsari, mu kuma a Zango 'yan gida ɗaya muke kiransu. Sai dai ka kula, domin misalin haruffa yana da iyaka, kuma wajibi ne ka faɗa wa yara iyakarsa a ranar. Kalma idan aka karanta ta daga baya sai ta lalace, amma sinadari idan ka juya shi dama ta koma hagu yana nan shi ne. Rabin kuskuren ɗalibanka daga rashin sanin wannan ya taso.

Bayan haruffa sai gini da hannu, kuma a nan muke daɗewa. Ƙananan gauta su ne kabon, ashana ita ce haidurojin, kanta shi ne ƙwayar, jikinta shi ne haɗin, guntun tsinken tsire ke haɗa gauta da gauta, jan goro kuma shi ne oksijin. Doka ɗaya ake sa wa yaro, kuma ba a yi masa sassauci a kanta: kabon hannu huɗu gare shi, oksijin biyu, haidurojin ɗaya, kuma ba a barin hannu a sake. Da gauta ɗaya ko biyu ko uku, duk yadda ya yi gini ɗaya zai samu, wato miten da iten da furofen. Idan aka ba shi gauta huɗu da ashana goma, C4H10 ke nan, zai jera su a sarƙa ya sami biyuten, kuma galibi zai ce ya gama. Sai a bar shi. Ba a nuna masa, ko da zai yi rabin sa'a yana juya abin a hannu, har sai shi da kansa ya cire gautar ƙarshe ya soke ta a jikin ta tsakiya, ya ƙirga ya ga ashana goman nan sun ishe shi daidai. Wannan na biyun shi ne 2-metilfurofen, wanda aka fi sani da aisobiyuten. Sunayen nan da lafazinmu na rubuta su, amma a takardar jarrabawa dole yaro ya rubuta su da ƙa'idar Turanci, harafi ɗaya ba ya ɓata.

Amfanin ginin hannu a kan zanen allo shi ne yana kashe aisoma na ƙarya. A takarda yaro yakan zana kabon uku a miƙe, ya lanƙwasa na huɗu zuwa sama, ya ce ya sami sabo. Da gauta kuwa sai ka karɓi ginin ka murɗa tsinken a gabansa, abin ya koma miƙaƙƙe ba tare da an cire komai ba, domin haɗi guda tsakanin kabon biyu yana juyawa, kuma dama sarƙar ba a miƙe take ba a haƙiƙa, kusurwar da ke tsakanin hannayen kabon kimanin digiri 109.5 ce. Ƙa'idar da muke maimaita musu ita ce, idan ba a zare tsinke an soke shi a wani wuri ba, ba a sami sabon sinadari ba. Alƙali na biyu kuma shi ne suna. A nemi sarƙa mafi tsawo ko da ta yi kwana, a ƙirga daga ɓangaren da zai ba reshe ƙaramar lamba, a raɗa wa ginin suna. Idan zane biyu suka fito da suna ɗaya, to, abu ɗaya ne aka zana sau biyu. Da haka yaro zai gane cewa abin da ya kira 3-metilbiyuten ba komai ba ne illa 2-metilbiyuten da aka ƙirga daga baya, haka ma wanda ya kira 2-etilfurofen, wanda sarƙarsa ta gaskiya kabon huɗu ce. Idan ka tace zane bakwai ɗin ɗalibanka da wannan rariyar, uku za su rage: fenten, da 2-metilbiyuten, da 2,2-daimetilfurofen. Wani yaro a ajinmu ya taɓa raɗa musu Hassan da Husaini da Gambo, sunan kuma ya bi su har yau.

Ina ganin babban kuskure ne a tsaya a zane, domin yaro zai ɗauka wasan tsinke ne kawai. Dole a nuna masa cewa 'yan gida ɗayan nan halinsu ya bambanta, kuma a ba shi lambobi. Fenten yana tafasa a digiri 36 na ma'aunin Salshiyos, 2-metilbiyuten a 28, shi kuwa 2,2-daimetilfurofen a wajen 10. Ka ce musu su tuna zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40: duka ukun ba wanda zai zauna a matsayin ruwa a buɗaɗɗen kwano. Dalilin saukar lambar shi ne miƙaƙƙiyar sarƙa tana kwanciya a jikin 'yar'uwarta kamar sandunan rake a dami, wurin da suke taɓa juna yana da yawa, jan da ke tsakaninsu ya yi ƙarfi, raba su kuma ya buƙaci zafi mai yawa. Mai rassa kuwa a dunƙule yake kamar kabewa a buhu, taɓawar kaɗan ce. Haka biyuten ke tafasa dab da sifili, aisobiyuten kuma a wajen digiri 12 ƙasa da sifili. Na farkon yana cikin gas ɗin girki, na biyun shi ne masu gyaran firji ke kira R600a. Direbobi ma suna da rabonsu a darasin, domin ma'aunin ingancin fetur an gina shi ne a kan 2,2,4-tiraimetilfenten, ɗaya daga cikin aisoma 18 na C8H18, wanda aka ba lamba 100 saboda ba ya saurin kamawa da wuta kafin lokaci a cikin inji, alhali miƙaƙƙen heften lambarsa sifili. Yawan aisoman kuma yana hawa da sauri: 5 ga kabon shida, 9 ga bakwai, 75 ga goma.

Duk wannan kashi na farko ne, inda sarƙar kabon ke sauya siffa. Kashi na biyu, inda gungun da ke ba sinadari halinsa yake sauya mazauni a kan sarƙa ɗaya, ba ya ba yara wahala idan sun ƙware a na farko. A C3H8O, idan goron mai ɗauke da ashana ya zauna a gautar gefe an sami furofan-1-ol mai tafasa a 97, idan ya koma ta tsakiya an sami furofan-2-ol mai tafasa a 82, wanda ake goge fata da shi kafin allura. Dare ɗaya ya isa.

Kashi na uku shi ne mai ban mamaki, domin a nan gungun kansa ke sauyawa, 'yan gida ɗaya su faɗa dangi biyu. Ka ba yaro gauta biyu da goro ɗaya da ashana shida, wato C2H6O. Idan goron ya zauna a ƙarshe yana riƙe da ashana, itanol ke nan, ruwa ne mai tafasa a 78. Idan ya shiga tsakanin gautan biyu, metoksimiten ke nan, iska ce mai tafasa a wajen 24 ƙasa da sifili. Tazarar ta fi digiri ɗari, kuma sanadinta haidurojin ɗaya ne tak da ke manne da oksijin, wanda ke ba itanol damar kama 'yan'uwansa da ƙarfi, shi ne kuma dalilin da ya sa itanol ke fitar da iskar haidurojin idan aka jefa masa sodiyam, ɗan'uwansa ba ya yi. A nan iyaye sukan yi mana tambaya, don sun ji cewa itanol shi ne abin da ke bugarwa a cikin giya, kuma a garin da ake sayar da akpeteshi, barasar gargajiya ta Gana, a fili ba su yi laifi ba da suka tambaya. Abin da muke yi shi ne mu bayyana musu cewa sinadarin yana cikin ruwan tsaftace hannu da turaruka da yawa, kuma sanin gininsa muke koyarwa. Hukuncin amfani da shi kuwa mu bar wa malaman addini. Ka kuma gargaɗi ɗalibanka cewa metanol da itanol dangi ɗaya ne amma ba aisoma ba ne, tunda lissafinsu ya bambanta. Misali na biyu shi ne C3H6O, wato furofanal da furofanon, wanda mata suka sani a ruwan goge fentin farce; ruwan gwajin Fehling yana ba da jan laka idan an dafa shi da na farko, ba ya sauyawa da na biyu. Sukarin gulukos da na furuktos, masu lissafin C6H12O6, irin wannan bambancin ne a tsakaninsu, kuma duka biyun suna cikin zuma.

Tarihi muna ajiye shi zuwa ƙarshe, ba ma kuma tsawaita shi. A 1828 Bajamushe Friedrich Wohler ya dumama amoniyam sayanet ya ga ya rikiɗe ya zama yuriya, ba tare da an ƙara ko an rage ƙwaya ɗaya ba, kuma Berzelius, mutumin Suwidin, shi ya raɗa wa lamarin sunan aisoma a 1830. Yaranka sun fi namu sanin yuriya, tunda buhunta ake kai wa gonakin shinkafa na Kura da Kadawa. Amma kada ka haɗa wannan darasi da na aisoma masu riƙo iri ɗaya da fuskanta daban, irin biyun da ake samu a biyut-2-in. Mu sai bayan mako biyu muke taɓa shi, domin duk lokacin da aka haɗa su yara sukan rikice su rasa duka biyun.

Na san ajinka ya fi namu yawa nesa ba kusa ba, kuma minti arba'in ba zai ishi gini ba. Ka raba su biyar biyar, ka zaɓi waɗanda suka riga suka gane ka biya musu tun da wuri, su kuma su biya wa sauran. Kwandon ƙananan gauta daga 'Yan Kaba zai ishi aji guda, goro kuma ku ne da kasuwar Mariri. Idan sun gama waɗannan, ka ba su gauta huɗu da goro ɗaya da ashana goma, wato C4H10O, kada ka faɗa musu adadin da ake nema. Bakwai ne: huɗu dangin itanol, uku dangin metoksimiten. Namu yaran galibi a shida suke maƙalewa, kuma wanda ke ɓace musu shi ne wanda oksijin ke riƙe da metil, wato gauta ɗaya mai ashana uku, a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma yana riƙe da gautar tsakiya ta furofen. Ka rubuto mini inda naka suka tsaya. Ka gaishe mini da Hajiya.