Mindar kakanmu da Sarkin Ingila mai gemu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A cikin adakar kakata da ta rasu bara mun tarar da wata lambar yabo ta soja, irin wadda tsofaffi ke kira minda, mai ɗauke da kan wani Bature mai gemu. An ce ta mahaifinta ce, wanda aikin soja ya kawo shi Ikko har ya zauna a Obalende. Wasu a gidanmu sun ce yaƙin Bama (Burma) ya je, wasu kuma sun ce yaƙin Jamus ya yi. Shin sai na karanta tarihin Ingila kafin in fahimci rayuwarsa? Daga wata mai karatu, Obalende, Legas.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan kakarki, ya kai haske kabarinta. Ba duk tarihin Ingila kike bukata ba, sai ɓangaren da ya iso har ƙofar gidanku, kuma gemun nan da kika ambata ya riga ya yi miki rabin aikin.

Kan sarkin da ke mulki ake bugawa a jikin irin wannan minda. Sarauniya Biktoriya ta rasu a 1901, ɗanta Edwad na Bakwai ya yi mulki zuwa 1910, sai Joji na Biyar zuwa 1936, kuma dukansu biyu masu gemu ne. Joji na Shida kuwa, wanda a zamaninsa ne sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945, ba shi da gemu. Saboda haka wannan minda ba ta Bama ba ce. Ban ga laifin masu cewa Bama ba, domin duk wanda ya tashi a Legas yana jin sunan barikin Myohaung na Yaba da barikin Arakan na Apapa, waɗanda aka sa wa sunayen wuraren da aka gwabza a can, zai ɗauka kowane tsohon soja can ya je.

Yanzu ki ɗauki mindar ki fita da ita cikin hasken rana, ki karanta rubutun da ya kewaye kan. Idan kin ga GEORGIVS V, kuma a bayanta akwai mutum bisa doki da shekarun 1914 da 1918, to masu cewa yaƙin Jamus su ne suka yi gaskiya. Ingila ta shiga yaƙi da Jamus ran 4 ga Agusta 1914, kuma da yake Kamaru tana hannun Jamusawa tun 1884, kafin watan ya ƙare an tura sojojin Nijeriya su tsallaka iyaka. Garwa ta faɗi a Yunin 1915, amma waɗanda suka yi tunga a dutsen Mora ba su miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. A ƙarshen wannan shekara aka kwashi wasu sojojin Nijeriya a jirgin ruwa zuwa Darussalam ta Gabashin Afirka, inda yunwa da cuta suka addabe su, kuma suka yi asarar rayuka da yawa a Mahiwa cikin Oktoban 1917. Ki lura da ƙarfen ma: ta azurfa aka ba sojoji, ta tagulla aka ba wasu 'yan dako da lebura.

Idan kuwa EDWARDVS VII kika gani, sai ki shirya zuciyarki. Mindar da aka fito da ita a 1902 don yaƙe-yaƙen Afirka takan zo da ɗan ƙarfe a jikin ƙyallenta mai nuna wuri da shekara, kuma idan ya nuna Arewacin Nijeriya da 1903, mai yiwuwa kakanku yana cikin dakarun Gwamna Lugga da suka ci Kano a Fabrairu da Sakkwato a Maris na wannan shekara. Abu ne mai nauyi ga zuriya, amma ina roƙonki kada ki ɓoye shi, kada kuma ki yi gaggawar yanke masa hukunci kafin ki san abin da ya fitar da shi daga garinsu.

A nan ne tarihin Ingila zai yi miki amfani ƙwarai. Majalisarsu ta haramta fataucin bayi a 1807, kuma da wannan hujja, haɗe da kwaɗayin ciniki, jiragen yaƙinsu suka yi wa Ikko ruwan wuta a 1851, suka kori Oba Kosoko suka mayar da Akitoye, sannan a 1861 suka karɓe garin daga hannun Oba Dosunmu. A 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna John Glover ya kafa ƙaramar rundunar Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudu ko aka 'yanta, kuma daga ita ne sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa. Ga mutum irin wannan, kakin soja mafaka ce da abinci da albashi. Daga nan Hausa ta zama harshen bariki, har ma waɗanda ba Hausawa ba ake rubuta su a matsayin Hausawa.

Abu mafi daraja yana gefen mindar, inda akan buga lambar soja da muƙami da suna da runduna. Kada ki yi mamaki idan kin ga Momodu a madadin Muhammadu, ko sunan gari a madadin sunan uba, domin haka akawun bariki ke rubutawa. Da wannan lamba za ki nemi kundin sunayen waɗanda aka ba minda a ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew, wadda ana iya binciken wani sashe nata ta intanet. Takardun Legas na zamanin Turawa kuwa suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Ibadan, na Arewa kuma suna Kaduna.

Kafin duk wannan, ki zauna da dattawan gidanku da na unguwa ki naɗi maganarsu a waya, ki tambaye su sunan garinsu na asali da laƙabin da ake kiransa da shi. Kada kuma a goge mindar da toka ko yashi don ta yi ƙyalli, domin haruffan gefenta ƙanana ne kuma suna iya shafewa. Ki ɗauki hotonta gaba da baya da gefe ki aiko mana, in sha Allahu za mu taya ki karantawa.