Ku Tambaya Mu Amsa: Butel ɗin gaz na karaban, in riƙa musaya ko in riƙa ɗuri?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ina gajiya ina aiki. Ni mai karatunku ne daga Maraɗi, unguwar Ali Ɗan Sofo, sana'ata haƙar foraj a ƙauyuka, wani lokaci mu yi sati biyu ko ukku wajen Dakoro ko Mayahi ba mu ga gida ba. To wani ƙanena da ke Beljiyam ya aiko mini da karaban tsohuwa, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa bayan mota, akwai gado ciki da murhu mai baki biyu har da ɗan firij mai aiki da gaz. Ta zo da butel guda mai haske mara nauyi wanda ya ce a can ba a musayarshi, gidan mai ake zuwa a ɗura kamar esansi. Yanzu gaz ɗin ya ƙare, na zagaya Maraɗi duk wanda na nuna ma sai ya ce bakin bai yi daidai da nasu ba, sai wani yaro a bakin kasuwa ya ce in kawo zai juye mini daga babban butel da tiyo. Dan Allah mi ya fi, in bar shi ya juye, in kai Katsina a ɗura, ko in saye irin namu na musaya? Mu shida ne ke ci a tukunya guda. Na gode.

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji, gajiya ta bi lafiya, Allah ya ba da sa'ar aiki.

Bari in fara da yaron nan na bakin kasuwa tun kafin ka kai mishi, kar ka yarda, ko kyauta ya ce zai yi maka. Gaz ɗin da ke cikin butel ruwa ne, kuma ba a cika butel fal, ana tsayawa wajen kashi 80 cikin 100 a bar sauran fili saboda in zafi ya buga ruwan kumbura yake yi. Shi kuwa mai juyewa da tiyo kifa babban yake yi a sama ya ajiye ƙaramin a ƙasa, wani ma har ƙanƙara yake sa wa ƙaramin don ya sha da yawa, ba sikeli ba komai sai kunne da hannu. Ka ɗauki wannan butel ka bi hanyar Dakoro da shi a watan Afrilu ko Mayu, rana ta haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe, ka ga ai ba sai na ƙarasa ba. Na san naka na Turai galibi yana da abin da ke tsayar da ɗurin a kashi 80, amma an yi shi ne don famfon gidan mai da butel a tsaye, ba don dabarar bakin kasuwa da haɗe-haɗen roba ba.

To yanzu ga ainihin maganar. A can Turai masu karaban sun rabu gida biyu. Akwai masu musaya, kamar masu butel ɗin Calor a Ingila, ka kai wofi a ba ka cikakke, butel ɗin na kamfani ne kai dai gaz kake saye. Akwai kuma masu nasu na kansu irin su Gaslow, ka saye shi da tsada sau guda, daga nan sai ka riƙa tsayawa gidan mai inda ake sayar wa motoci gaz a lita kana ƙarawa ko da rabi ne ya rage. Su can yana yi musu riba don litar famfo ta fi arha kuma in sun tsallaka wata ƙasa ba su da matsalar wai kamfanin nan ba ya karɓar butel ɗin wancan. Amma ko a can ɗin bakin famfon ba iri ɗaya ba ne, na Faransa da Italiya daban, na Ingila da Holan daban, na Jamus da Beljiyam daban, shi ya sa suke yawo da 'yan ƙarafunan haɗi a aljihun mota. Kenan ba laifin masu depo na Maraɗi ba ne da suka ce maka bakin bai yi ba, gaskiya suka faɗa.

Mu nan Nijar tsarinmu na musaya ne. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gaz ya yawaita a gidaje, kamfanoni ke cikawa a wuraren cikawarsu su rarraba wa masu depo da masu kanti, kai kuma ka kai wofi ka ɗauko cikakke, mai kilo 6 ko mai kilo 12 da rabi. Tsallaka Ɗan Isa ka shiga Jibiya ko Katsina sai ka tarar da akasin haka, kowa da tukunyarsa, a ɗora a sikeli a ɗura maka kilo nawa kuɗinka ya kai. Da a ce aikinka yana kai ka Katsina duk sati da sai in ce riƙe na ƙanenka ka nemi bakin haɗi mai kyau ka riƙa zuwa babbar tashar gaz. Amma kai arewa ka nufa, kuma ba na jin mutum mai ma'aikata biyar da injin haƙa a daji zai bar aiki ya yi tafiyar kusan kilomita 90 da tsallaka iyaka da duk abin da ke cikinta saboda kilo goma na gaz. Kuɗin mai kaɗai ya cinye ribar.

Don haka ni dai shawarata musaya, ba wani kwana-kwana.

Sai dai musayar ma tana da nata ciwon kai kuma gara ka sani tun yanzu. Na farko mai depo ba lalle ya karɓi butel ɗin kamfanin da ba nasa ba, saboda haka kafin ka biya kuɗin butel ka buga waya ga wani naka a Dakoro da Mayahi da Tasawa ka tambaya wane launi ne ya fi yawa a kantunan can, shi za ka saye, ba wanda ya fi kusa da ƙofar gidanka ba. Na biyu in za ka fita daji kuma butel ɗin saura kwata, ko ka tafi da shi ya ƙare maka tsakiyar dafa shinkafa ko ka musanya ka bar wa kamfani sauran, wannan asarar kam masu ɗuri sun huta da ita. Na uku abin da aka miƙo maka shi ne rabonka in ba ka buɗe ido ba. Ni kaina an taɓa ba ni wani mai kilo 12 da rabi a wani depo da ba zan faɗi suna ba, gindinsa duk tsatsa, ledar bakin a kwance kamar an ɓare an mayar, ko sati uku bai yi ba a gidan da butel ke yi mana wata da kwanaki. Tun daga ranar nake yawo da ɗan sikelin rataya irin na masu sayar da wake. A jikin kowane butel an buga nauyinsa in yana wofi, ka haɗa da 12.5, in sikeli ya nuna ƙasa da haka sosai ka ce a canza maka, ba faɗa ba ne.

Yanzu lissafin bakinku shida. Bakin murhu guda in an buɗe shi sosai yana cin giram 150 zuwa 200 a awa. Ku ce shayi da safe, shinkafa da wake ko taliya da rana, wani abu da dare, baki biyu, da wuya ku ci ƙasa da kilo guda a yini. Firij ɗin nan kuma shiru-shiru yake amma yana shan giram 250 zuwa 400 kowace rana, kuma irinsa in zafi ya yi yawa sanyin nasa ba ya wani burgewa, ni da ni ne da na kashe shi a bazara na sayi ƙanƙara ranar kasuwa. Kenan babban butel guda zai kai ku kwana tara ko goma in firij na aiki, ko sha biyu in an kashe shi, ba zai kai sati uku ba. Ka sayi babba guda ka haɗa da bututun karaban, ka ƙara da mai kilo 6 irin wanda ake murɗa wa kan murhu a sama, shi wannan a waje za a riƙa girki da shi ƙarƙashin bishiya, ɗakin ma ya huta da zafi da ƙaurin manja, kuma ƙaramin ya fi sauƙin samu a garuruwan hanya, ko a babur yaro ya je ya musanyo.

Wajen haɗawa ne nake so ka natsu. Buɗe akwatin gaz ɗin da ke gaban karaban ka duba, akwai 'yar takarda ko ƙarfe da aka rubuta ƙarfin da murhun ke aiki da shi, yawancin na bayan 2004 milibar 30 ne, wasu tsofaffin na Jamus 50 ne. Detandar da za ka saya, wato abin da ake ɗaurawa a bakin butel yana rage ƙarfin gaz, ta dace da wannan lambar, kar a haɗa maka kowace iri a ce ai wuta ta kama. In wutar ta fito shuɗiya lafiya lau, in ja ce tana baƙanta gindin tukunya akwai matsala. Tiyon da ya zo da ita kuma cire shi kawai, roba ce ta sha shekaru, sa sabo na gaz da abin ɗaurewa na ƙarfe a kowane baki, sannan ka kaɗa omo da ruwa ka shafa a mahaɗan, in ka ga kumfa tana tashi to yana yoyo. Ba a gwadawa da ashana, na faɗa ne don na ga mai yi.

Ka auna akwatin kafin ka je depo, don butel namu na iya fin nasu tsawo. In bai shiga a tsaye ba kar ka kwantar da shi, sa mai walda ya yi maka keji a kan ƙarfen jan nan na gaba da 'yar rumfa ta kwano a sama, ka ɗaure da bel saboda kwazazzaban hanya. Akwai rami a ƙasan akwatin, na san ƙura za ta dame ka ka so toshe shi da tsumma, bar shi, gaz ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ta nan yake zuba ƙasa. In mota za ta tashi a rufe kan butel, in za a kwanta ma a rufe, kuma lokacin sanyin Disamba kar yaranka su kunna murhu su rufe ƙofa wai suna jin ɗumi, hayaƙin da ba ya wari ne ke kashe mutum cikin barci.

Shi kuwa butel ɗin ƙanenka kar ka sayar wa 'yan gwangwan, rufe bakinsa ka ajiye a inuwa nesa da madafa, in wata rana aiki ya kai ka wajen Madarumfa ko Ɗan Isa na tsawon lokaci sai ka sake rubuto mana mu duba maganar bakin haɗin. A gaida ma'aikata.