Tambayoyinku: Ina tare da Gaza, amma abokin karatuna Bayahude ya daina sa hularsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni ɗan Zariya ne, ina digiri na biyu a wata jami'a a Amurka, kuma duk zanga-zangar Gaza da aka yi a makarantarmu da ni aka yi. To akwai wani Bayahude ajinmu ɗaya, shi ya nemo min ɗaki da na zo, kwanaki na lura ya daina sa 'yar hular nan tasu, da na tambaye shi sai ya ce wasu ne suka tare shi suna ce masa mai kashe jarirai, sannan an zana alamar 'yan Nazi a ƙofar ofishin wata malama Bayahudiya. A guruf ɗinmu na WhatsApp cewa ake duk farfaganda ce. Abin ya tsaya min a rai, ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Wannan damuwar taka tana kan hanya, kar ka bari 'yan guruf su cire maka ita.

Maganar farfaganda dai ba haka ba ne. A Oktoban 2023 wani ɗalibin jami'ar Cornell ya rubuta a intanet cewa zai je wurin cin abincin ɗalibai Yahudawa ya buɗe wuta, an kama shi, kotu ta ɗaure shi wata 21. A Balin ta Jamus, Fabrairun 2024, ɗalibi ya yi wa ɗan uwansa ɗalibi Bayahude dukan da ya karya masa ƙasusuwan fuska sai asibiti. A jami'ar UCLA ta Amurka kuwa sai da alƙali ya ba da umarni a Agustan 2024 cewa jami'a ba za ta zuba ido ana tare wa Yahudawa hanyar shiga wasu sassan makaranta ba. Ka kuma tuna ranar 5 ga Disamba 2023 da aka tambayi shugabannin jami'o'in Harvard da Penn da MIT a majalisar dokokin Amurka ko kiran a ƙarar da Yahudawa ya saɓa dokar makarantunsu, suka tsaya kame-kame wai ya danganta, cikin wata guda biyu daga cikinsu sun sauka.

Ban ce ba a fakewa da wannan zargi don rufe bakin masu kuka da abin da ake wa Falasɗinawa ba, ana yi, kuma ni ma Gaza na ci min rai. Amma ai a sansanin zanga-zangar jami'ar Columbia a Afrilun 2024 har da ɗalibai Yahudawa a ciki, nan suka yi bikin idinsu. Zagin siyasar Netanyahu daban, tare yaro saboda hular kansa daban, shi wane jirgin yaƙi ya tuƙa? Mu 'yan Arewa ma fa mun san wannan ciwon, ka sauka a wani gari da hularka da gemunka a ce maka Boko Haram alhali wataƙila ɗan uwanka suka kashe. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci, kuma Bukhari ya ruwaito Annabi (SAW) ya miƙe da aka wuce da gawa, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne?

Don haka ka je ka same shi, ka gaya masa da bakinka cewa ba da yawunka aka yi ba, ba sai kun yi ittifaƙi kan Isra'ila ba, idan yana so ku riƙa tafiya aji tare. Malamar ma ka leƙa ka yi mata jaje. In abin ya sake faruwa a gabanka ka rubuta rana da wuri ka kai ofishin karɓar ƙorafi, akwai sashe na 6 na dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 da ya hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambancin asali, shi ke kare shi, shi ke kare ka. A taron masu shirya zanga-zanga kuma ka ɗaga hannu ka ce a daina taɓa ɗalibai, daga bakinka za a fi ji. Sai dai dan Allah ban da cacar baki a titi ko shiga faɗa, biza ce a hannunka, tun Maris 2025 aka kama ɗalibai baƙi aka soke ta wasu da dama.