Tambaya da Amsa: Idan Ciwon Kumburin Hanji Ya Motsa

Tambaya: Likita, an gano ina da gyambon babban hanji, ina shan mesalazine, maganin rage kumburin hanji. Kwana biyu gudawa da jini ta dawo, ga murɗawar ciki. Me zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki daina mesalazine, domin barin magani idan an ji sauƙi na cikin manyan dalilan dawowar ciwon. Ki je a gwada bayan gida tukuna. Atini yana zuwa da irin waɗannan alamomi, kuma idan aka ba mai atini prednisolone, wani magani mai ƙarfi na rage kumburi, ciwon na iya tsananta ƙwarai. In gwaji ya fito babu ƙwayar cuta, likita zai iya ƙara mesalazine ko ya ɗora ki kan prednisolone, yawanci miligram 40 a rana, ana ragewa sannu a hankali cikin mako 6 zuwa 8. Ba a yanke shi farat ɗaya.

Ki guji ibuprofen da diclofenac, suna tayar da ciwon. Paracetamol ya fi dacewa. Kada ki sha loperamide don tsayar da gudawar, yana iya sa hanji ya kumbure. Ki riƙa shan ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki ci farar shinkafa, ayaba da kifi, ki rage yaji, wake da ɗanyen ganye har cikin ya lafa.

Idan gudawa da jini ta kai sau 6 a rana, tare da zazzaɓi, bugun zuciya da sauri ko jiri, ki tafi asibiti a ranar, kada ki jira gobe.