Amsa: GCC yana tsayawa da "Killed" a tsakiyar haɗi

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana haɗa GCC (manhajar da ke fassara lambar C da C++ zuwa shirin da kwamfuta ke gudanarwa) daga tushe a laftof mai RAM giga 4, ya yi nisa sai ya tsaya da "Killed signal terminated program cc1plus". Ba lambar ce ta lalace ba, RAM ce ta ƙare, Linux ya kashe aikin don ya ceci kansa. Mai yiwuwa `make -j8` ka sa, wato ayyuka takwas a lokaci guda. Kowane cc1plus (shirin da ke fassara C++) kan iya cinye giga guda shi kaɗai. Koma `-j2`, ka ƙara swap (wuri a faifai da ke taimaka wa RAM) na giga 8 da `fallocate`, `mkswap` da `swapon`. Sake buga `make -j2` kawai, zai ɗora daga inda ya tsaya.

In daga farko za ka sake, kada ka yi configure a cikin foldar tushen. Buɗe wata daban. Kafin nan gudanar da `./contrib/download_prerequisites`, shi zai sauko maka da GMP, MPFR da MPC, laburaren lissafi da GCC ke buƙata. Yana cin data, amma kaɗan ne.

Na gaba da zai tare ka shi ne "gnu/stubs-32.h" ya ɓace. Ƙara `--disable-multilib` a configure, tunda 32-bit ba ta dame ka ba. `--disable-bootstrap` kuma zai rage maka zagayen haɗi uku zuwa ɗaya.

Da zafin Kano na Afrilu, ɗaga laftof ɗin daga katifa, in ba haka ba zai mutu da kansa. In kuma aka ɗauke wuta yana tsaka da rubutu, goge fayil ɗin .o na ƙarshe kafin ka ci gaba.