Lalurar zuciya ta haihuwa: maza ta fi kamawa ko mata?

Malama, kin tambaya ko jarirai maza sun fi mata zuwa duniya da lalurar zuciya. Amsar ta danganta da irin lalurar, domin kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da ita, kuma a jimilla tazarar da ke tsakanin maza da mata ba ta da yawa.

Bambancin yana cikin nau'i. Masu tsanani, irin su musayar gurbin manyan jijiyoyi biyu da ke fita daga zuciya da ƙuntatar babbar jijiyar jini, sun fi yawa ga maza, kuma sukan bayyana tun makonnin farko. Mata kuwa sun fi samun huda tsakanin ɗakunan sama na zuciya, da jijiyar da ta ƙi rufewa bayan haihuwa, kusan ninki biyu na maza. A ganina wannan hudar ce abin lura, domin takan ɓuya har yarinya ta girma, sai juna biyu ya tona ta.

Idan jariri yana haki wajen shan nono ko leɓɓansa suna yin shuɗi, a kai shi a ɗauki hoton zuciyarsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba ko na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) da ke Ikeja.