Ta sa takalmin, ta dawo da shi, ta ba ni tauraro ɗaya: wa zai bi mini haƙƙina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da takalma da jakunkuna a wata kasuwar intanet. Wata ta yi odar takalmi, na naɗe na aika mata. Bayan mako guda ta dawo da shi wai bai yi mata daidai ba. Da na buɗe kwalin sai na ga ƙasan takalmin ya goge, har da 'yar tsakuwa a maƙale. Dandalin ya mayar mata da kuɗinta, ita kuma ta ba ni makin tauraro ɗaya cikin biyar ta rubuta "kayan banza". Ni kuwa babu inda zan danna in faɗi abin da ta yi. Ga kuma masu odar sai an kawo a biya: ɗan aike ya je ƙofar gida ya tarar da waya a kashe, ni in biya kuɗin zuwa da dawowa. Mene ne amfanin taurarin nan in ɓangare ɗaya kaɗai ake aunawa? Ba gara a soke su ba, ko mu ma a bar mu mu riƙa ba masu saye maki?
*Daga wata mai karatu*

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya mayar miki da alheri. An zalunce ki, wannan a fili yake. Sai dai duka mafitar biyu da kika kawo ba za su fisshe ki ba, ɗaya daga ciki ma an shafe shekara 12 ana gwada ta kafin a yi watsi da ita.

Mu fara da batun sokewa. Wanda ya tsaya gaban rumfa yakan ɗauki takalmi ya lanƙwasa, ya duba ɗinki, kuma in an cuce shi ya san inda zai koma gobe. A intanet hoto kawai yake gani, da sunan da bai taɓa ji ba. Taurari da sharhin waɗanda suka riga shi saye su ne suke tsaya masa a madadin maƙwabcin da zai ce "na san shi, ba ya ha'inci". Pierre Omidyar ya buɗe shafin da ya zama eBay, wata kasuwar gwanjo ta intanet, a Amurka a 1995, kuma ba a jima ba ƙorafe-ƙorafen masu ciniki suka fara cika masa akwatin saƙo. A 1996 ya ƙirƙiri wurin da kowa zai rubuta yadda cinikinsa ya kaya da wane, kowa ya gani. Daga baya wasu masana, cikinsu har da Paul Resnick na Jami'ar Michigan da Richard Zeckhauser na Harvard, suka yi wani gwaji da aka wallafa a 2006. Wani ɗan kasuwa mai kyakkyawan suna ya sayar da tsofaffin katunan gaisuwa iri ɗaya, wasu da sunansa da aka sani, wasu da sababbin sunaye marasa tarihi. Masu saye sun biya kusan kashi 8 cikin 100 ƙari a ƙarƙashin sunan da aka sani. Kaya ɗaya, mutum ɗaya. Don haka taurarin da kika tara cikin wahala jari ne. Ranar da aka soke su, kin zama daidai da wanda ya buɗe asusu jiya da hotunan da ya sato a shafinki.

Batun ku ma ku ba da maki kuwa, haka eBay take tun farko. Mai saye ya auna mai sayarwa, mai sayarwa ya auna mai saye. Ga abin da ya biyo baya: mai sayarwa sai ya naɗe hannu, ya ƙi rubuta komai har sai ya ga abin da kwastoma ya rubuta. In yabo ne ya mayar da yabo. In suka ce, ko da gaskiya ce tsagwaronta, ya rama da mummunan maki. Masu saye suka gane, suka kama bakinsu. Wanda aka aiko wa fasasshen kaya ya gwammace ya haɗiye ya yi shiru da a ɓata masa asusu. Masu bincike da suka duba sharhin shafin a wancan zamani sun tarar kusan kashi 99 cikin 100 yabo ne. Jarabawar da kowa ke cin 99 kuwa ba ta bambanta mai gaskiya da maha'inci. A watan Mayun 2008 eBay ta hana masu sayarwa ba kwastoma mummunan maki. Masu sayarwa sun fusata, wasu har suka ƙaurace wa shafin na mako guda tun lokacin da aka sanar, kuma kukansu shi ne naki na yau kalma da kalma.

A ganina sun yi daidai da suka toshe ƙofar ramuwar gayya. Inda nake ganin laifin kasuwannin intanet shi ne giɓin da suka bari. Kuma in faɗa miki gaskiya, ba mantuwa ba ce. Mai saye shi ke kawo kuɗi, masu sayarwa kuwa in ɗaya ya yi fushi ya tafi akwai goma a layi. Shi ya sa in rigima ta tashi, dandali ya fi saurin lallashin kwastoma. Amma wannan lissafin gajere ne. Duk asarar da mai mayar da sawun takalmi ya jawo, a ƙarshe kan farashi take komawa, masu saye na kirki su biya. Kuma tauraron ƙarya guda ɗaya yana ruɗar duk wanda zai karanta shafinki bayanta.

Akwai waɗanda suka samo hanya. Airbnb, inda mutane ke ba da hayar ɗakunansu ga matafiya, ta sauya tsarinta a 2014: mai gida da baƙo kowa ya rubuta nasa a rufe, ba wanda zai ga na ɗan'uwansa sai duka sun rubuta ko kwana 14 sun cika. Ba ka iya rama abin da ba ka gani ba. A Uber, manhajar kiran motar haya, direba ma yana auna fasinja, kuma a 2019 kamfanin ya sanar a Amurka da Kanada cewa fasinjan da makinsa ya yi ƙasa sosai zai iya rasa asusunsa. Waɗannan wurare ne da kwastoma ke shiga gidanka ko motarka, dole a san halinsa.

A cinikin kaya kuwa, abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: mai saye a auna shi da aikinsa, ba sai an tambayi ra'ayin kowa a kansa ba. Ya biya ko bai biya ba? Ya karɓi kaya ko ya kashe waya? Sau nawa ya mayar da kaya, kuma a wane hali suka dawo? Waɗannan abubuwa ne da kwamfuta ke iya ƙirgawa, babu fushi a cikinsu babu ramuwa. Ke mace ɗaya kika gani da takalmi ɗaya. Dandalin shi ke ganin ko ta yi wa wasu masu sayarwa irin haka. A eBay, wanda ya ci gwanjo ya ƙi biya ana rubuta masa a asusu, kuma mai sayarwa na da ikon saita shagonsa ya hana masu irin wannan tarihin saye. A ƙasar Sin, abin da ya sa mutane suka saki jiki da kasuwar Taobao da aka buɗe a 2003 shi ne Alipay: mai saye ya biya tun farko, a riƙe kuɗin a tsakiya, sai kaya sun isa a saki wa mai sayarwa. Wanda kuɗinsa ya riga ya fita ba ya odar wasa. Irin wannan ya kamata ku haɗa kai ku nema a wurin dandalinku, ku rubuta tare, don ƙorafin mutum ɗaya ba ya nisa.

Kafin nan, ga abin da ke hannunki. Ƙirgar da nake magana ba ta yiwuwa in ba ku kai rahoto ba, rahoto kuma ba ya tasiri in ba hujja. Lokacin naɗe kaya ki kunna bidiyo, ki juya takalmin ki nuna ƙasansa fes, ki nuna lambar girma da lambar oda, ki rufe kwalin ki manne, duka a ɗauka ɗaya ba yankewa. In kaya sun dawo, kada ki taɓa salatif sai kyamara na aiki. Duk maganar ciniki ki yi ta a cikin manhajar dandalin, saboda abin da aka yi a waje sau da yawa ba sa karɓarsa. In wani ya ce ki rage masa kuɗi ko ya ba ki tauraro ɗaya, ki adana saƙon ki kai ƙara. Dokokin eBay sun haramta irin wannan barazanar ƙarara, ki duba na dandalinki.

In akwai wurin mayar da martani a ƙasan sharhin, ki yi amfani da shi, amma ki tuna ba da ita kike magana ba, da mai saye na gobe kike. Layi biyu sun isa: "An aika takalmin sabo, ya dawo da alamar sawa a ƙasansa, an mayar da kuɗi cikakke." Babu zagi, babu Allah ya isa. Ni dai in zan sayi abu, martanin mai shago a ƙarƙashin mummunan sharhi shi nake fara karantawa, kuma natsuwarsa ta fi jan hankalina a kan yabo ashirin.

Masu kashe waya kuwa, ki kira ki tabbatar kafin ɗan aike ya tashi, kuma in dokar dandalin ta yarda ki karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kai kaya. Sai kuma wata 'yar shawara: kada wannan matar ta sa ki riƙa kallon duk mai mayar da kaya a matsayin ɓarawo. Lambar takalmi ta kamfani ɗaya ba ta zo daidai da ta wani ba. Ki riƙa rubuta tsawon cikin takalmin da santimita, za ki ga masu dawowa da gaskiya sun ragu, sauran kuma sun fi saurin ganewa.

Tambaya: Malam, na sayi caja a intanet. A cikin kwalin na tarar da ɗan kati: in na ba su taurari biyar na tura hoton shaida, za su mayar mini da rabin kuɗina. Cajar tana aiki amma tana ɗaukar zafi sosai. In yi?
*Daga wani mai karatu*

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi. Sharhi shaida ce kake bayarwa ga mutumin da ba ka sani ba, wanda zai jona wannan cajar kusa da matashin kansa ya yi barci saboda ya yarda da kai. In ka karɓi kuɗi ka ɓoye zafin, ka yi shaidar zur. Kasuwar intanet ta Amazon ta hana sharhin da ake bayarwa don kyautar kaya ko rangwame tun 2016, in ban da wani shiri da ita kanta ke kula da shi. A 2024 kuma hukumar kula da ciniki ta Amurka ta fitar da dokar da ta haramta sharhin bogi da biyan kuɗi don a rubuta yabo. Ka daina amfani da cajar tukuna. Ka rubuta abin da ka gani: tana caji, tana zafi bayan minti kaza, a irin waya kaza. In kayan sun makara a hanya, kada ka ɗora wa cajar laifin ɗan aike. Katin kuma ka ɗauki hotonsa ka tura wa dandalin tare da lambar odarka.